Gwajin da ke faɗuwa bayan sha biyun dare: amsa ga wani mai rubuta manhaja a Makka

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ina aiki a wata ƙaramar sharika a Makka, muna rubuta manhajar kama ɗakuna da fitar da fatura, wato takardar kuɗin da za a biya, ga otal-otal ɗin masu Umra. Muna da gwaje-gwajen guntu-guntu kusan ɗari huɗu, kowanne na duba ɗan guntun kod shi kaɗai, da ke gudana da kansu duk sanda aka tura sabon kod. Cikin azumin nan wasu suka riƙa faɗuwa, in an sake kunna su da rana sai su wuce, alhali ba a taɓa komai ba. Yanzu abokan aiki sun daina damuwa in sun ga ja, alamar gwaji ya faɗi. Ga shi kuma ma'auni na cewa gwajinmu ya taka kashi 90 cikin ɗari na kod ɗin, amma wani otal ya kama mu da kuskuren halala ɗaya (kashi ɗaya cikin ɗari na riyal) a dariba, wato harajin da ake ɗorawa kan ciniki. Yaya ake rubuta gwajin da mutum zai dogara da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka taɓa layi ko ɗaya, buɗe tarihin gwaje-gwajen nan ka duba ƙarfe nawa kowanne ya faɗi. Ina da zato mai ƙarfi cewa za ka tarar da yawancinsu tsakanin sha biyun dare da ƙarfe uku na asuba.

Ga dalilina. Agogon Saudiyya yana gaba da agogon UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, da awa uku, kuma akasarin sabar, wato kwamfutar da ake gudanar da gwaji a kanta, a kan UTC take. Ke nan in ƙarfe ɗayan dare ta yi a Makka, ranar Talata ta shiga a wurinku, amma a wurin sabar ƙarfe goma ne na daren Litinin. Idan gwajinka ya lissafa “yau” da agogon Riyad, kod ɗin kuma ya lissafa tasa “yau” da agogon sabar, za su yi daidai awa ashirin da ɗaya a kowace rana, su saɓa a awa uku. A sauran watanni babu mai tura kod a waɗannan awoyin, kowa na barci. Da azumi kuwa ka san yadda dawam, wato lokacin aiki, yake komawa: a yi tarawihi, a dawo a zauna gaban kwamfuta har sahur. Kuskuren yana nan tun tuni, lokacin aikinku ne ya matso ya same shi.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, mai yiwuwa gwajin nan gaskiya yake faɗa muku. Baƙon da ya fito daga Harami ƙarfe biyun dare ya kama ɗaki, da wace rana faturarsa take fita? Je ka duba. In da kwanan watan jiya take fita, to gwajin da kuke yi wa kallon mai rigima shi kaɗai ne ya lura da abin da ke faruwa ga abokan cinikinku. Na taɓa ganin irin wannan a wani wurin da na yi aiki a Jidda. Wata biyu muna sake kunna wani gwaji har sai ya yi kore, sai daga baya akanta ya zo da rahoton ƙarshen wata wanda cinikin daren ƙarshe ya faɗa cikin watan da ya wuce. Kwana uku muka yi muna gyara takardun da gwajin ya yi ta nuna mana tun farko.

Maganin shi ne ka ƙwace agogo daga hannun kod. Duk wani aiki da ke buƙatar sanin lokaci, a miƙa masa lokacin daga waje, kada ya leƙa agogon na'ura da kansa. A Java akwai Clock, kana iya daskarar da shi da Clock.fixed. A Python akwai freezegun, ko kuma kawai ka sa lokacin ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ake ba aikin. Jest na JavaScript ma yana da agogon bogi da za ka saita yadda kake so. Da zarar agogo ya dawo hannunka, sai ka rubuta gwaji na musamman ga wuraren da abin ke karyewa: 11:59 na dare, 12:01, 2:59, da ƙarfe 3:00 cif. Ka ga yanzu awoyin nan uku sun zama abin da kake gwadawa da gangan da tsakar rana, ba sai ka jira dare ya kawo su ba. Wajen ajiya kuma, ka ajiye lokaci da UTC, ka juya shi zuwa na Riyad a inda ake nuna wa mutum ko ake yanke kwanan watan fatura. Kada ka rubuta “ƙara awa uku” da hannu, yi amfani da sunan shiyyar lokaci. Saudiyya ba ta sauya agogo da bazara, amma wakilan da ke turo muku baƙi suna wasu ƙasashe. Najeriya da Nijar suna bayanku da awa biyu. Sudan ta ja agogonta baya da awa ɗaya ranar 1 ga Nuwamba 2017. Masar ta dawo da sauyin agogon bazara a 2023. Wanda ya rubuta lambar da hannu, duk irin wannan sauyi sai ya tsinka masa zare.

Tunda a nan kuke aiki, kalandar Hijira ma tana jiranku. Wata kwana 29 ne ko 30, shekara kwana 354 ko 355. Gwada ƙara shekara ɗaya a kan 30 ga Zulhajji ka ga abin da kod ɗinka zai yi in Zulhajjin baɗi 29 ne. Gwada tsallakawa daga ƙarshen Zulhajji zuwa 1 ga Muharram. Java tun daga fitowa ta 8 tana da HijrahDate, .NET yana da UmAlQuraCalendar, dukansu a kan lissafin Ummul Ƙura suke, kalandar Hijira ta hukumar Saudiyya. Amma ka tuna Ummul Ƙura lissafi ne da aka yi tun gaba, shi kuwa farkon azumi da ranar Salla da tsayuwar Arfa sai Kotun Ƙoli ta sanar bayan ganin wata, kuma akan samu bambancin kwana guda. In farashin ɗaki yana tashi a goman ƙarshe, ranar da goman ke farawa ta zama abin da ake saitawa daga waje, gwajin kuma ya gwada duka hali biyun. Haka hutun mako: tun 2013 Juma'a da Asabar ne a Saudiyya, yawancin kayan aikin da ake saukowa da su daga intanet kuwa Asabar da Lahadi suka sani.

Agogo shi ne babba, amma yana da 'yan'uwa. Duk abin da zai iya sauyawa ba tare da ka taɓa kod ba, zai iya mayar da gwajinka hawainiya. Lambobin da ake zaɓa ba tsari, ka kafa musu mafari (seed) ɗaya tilo don su riƙa fitowa iri ɗaya. Intanet, gwajin guntu ba ya fita waje ko kaɗan. Jira, wato ka ce “dakata daƙiƙa biyu sannan ka duba”, wannan caca ce, domin ranar da sabar ta yi nauyi daƙiƙa biyun ba za su isa ba. Ka jira sharaɗin da kake nema ya cika, da iyakar lokaci. Sai kuma wanda ya fi ɓuya, gwajin da ke cin gadon wani. Na farko ya saka baƙo a rumbun bayanai bai share ba, na biyu ya zo ya tarar da shi ya wuce. Ranar da aka sauya jerinsu ko aka gudanar da su lokaci ɗaya, sai na biyun ya faɗi, kowa ya rasa dalili. Kowane gwaji ya zo da kayansa, ya kwashe shararsa. In da pytest kuke aiki, saka pytest-randomly, zai riƙa hargitsa jerin a kowane zagaye, cikin kwana ɗaya zai tona duk masu jingina da juna.

Maganar da ta fi damuna a wasiƙarka ita ce abokan aikinka sun daina kula da ja. Wannan ya fi kuskuren halala haɗari. Gwaji shaida ne. Shaidan da aka saba jin yau ya ce e gobe ya ce a'a, ranar da ya zo da gaskiya mai nauyi babu mai saurarensa, kuma yana jawo wa sauran shaidun raini. Don haka ku yi yarjejeniya: gwajin da ya faɗi sannan ya wuce ba tare da gyara ba, a ranar za a ware shi gefe, a rubuta sunan wanda zai bincike shi da ranar da zai gama. In mako ya zagayo ba a gyara ba, a zauna a yanke, ko a gyara ko a goge. Abin da ban yarda da shi ba shi ne saita na'ura ta riƙa maimaita gwaji sau uku har ya wuce. Wannan rufe bakin shaida ne. Gara gwaji ɗari uku da kowa ke tsayawa in ɗaya ya yi ja, da ɗari huɗu da ake kallo ana wucewa.

Yanzu ga kashi 90 ɗinku. Abin da ma'aunin nan ke ƙirgawa shi ne layukan da aka bi ta kansu lokacin gwaji. Bai san ko an duba amsar da suka bayar ba. Kana iya kiran aikin lissafin dariba, ka ƙi duba komai, ma'aunin ya ba ka ɗari bisa ɗari. Amfaninsa ɗaya ne, ya nuna maka inda gwaji bai taɓa takawa ba, kuma a nan yana da amfani sosai. In mudir, wato manaja, ya mayar da shi abin da ake auna ma'aikata da shi, to an buɗe ƙofar rubuta gwajin cika lamba.

Bari mu bi sawun halalar nan, domin ina jin na san inda ta ɓuya. Dariba kashi 15 ce tun 1 ga Yuli 2020. Kafin nan kashi 5 ce tun da aka fara ta ranar 1 ga Janairu 2018. Ɗauki kaya uku a fatura, kowanne riyal 3.30. In ka lissafa dariba layi-layi, kowanne 0.495 ne, a cika shi ya zama 0.50, jimla 1.50. In kuwa ka fara haɗa su, riyal 9.90, darabarsu 1.485, a cika ta zama 1.49. Ga halala ɗaya ta fito, kuma babu wanda ya yi kuskuren lissafi. Idan shafin da baƙo ke gani yana bin hanya ɗaya, faturar da ke zuwa wa akanta tana bin ɗayar, dole wata rana su saɓa. Wuri na biyu shi ne irin lambar da kuke ajiye kuɗi da ita. Lamba mai ɗigo ta kwamfuta ba ta riƙe kashi goma-goma daidai: 0.1 da 0.2 in ka haɗa su za ka samu 0.30000000000000004. A Python, cika 2.675 zuwa gida biyu yana ba da 2.67, domin abin da ke ajiye a ciki ya ɗan gaza 2.675. Kuɗi ana riƙe shi da Decimal a Python, BigDecimal a Java, ko kuma a ƙirga shi da halala zalla, riyal 3.30 ya zama 330.

Me ya sa gwajinku bai kama wannan ba? Ina kyautata zaton da riyal 100 kuka gwada, dariba ta fito 15, kowa ya gamsu. Lamba mai santsi ba ta tona asiri. Kuskure a gefe-gefe yake zama: sifili, halala ɗaya, adadin da ke ƙarewa da rabin halala, rangwamen da ya fi kuɗin kaya, mayar da kuɗin faturar 30 ga Yuni 2020 wadda aka yi ta da kashi 5. Akwai kuma wata illa da nake yawan gani, mutum ya lissafa amsar da yake tsammani a cikin gwaji da irin dabarar da ke cikin kod ɗin. Wannan ɗan amshi ne, duk abin da kod ya rera zai maimaita, ko da kuskure ne. Amsar da ake tsammani a rubuta ta ƙiri-ƙiri, 1.49, kuma ta fito daga wani wuri dabam. Zauna da akantan otal ɗin, ya lissafa maka fatura goma da hannunsa bisa ƙa'idar ZATCA, hukumar zakka da haraji da kwastan ta Saudiyya, ka mayar da su gwaji. Waɗannan goman sun fi ɗari da ka ƙago kai kaɗai.

Ga al'adar da na fi so ka ɗauka daga duk wannan amsa: kada ka yarda da gwajin da ba ka taɓa ganin ya faɗi ba. In ka rubuta shi ya yi kore, koma cikin kod ka ɓata shi da gangan. Mayar da 15 ta zama 14, juya “ya fi” ya zama “ya kai ko ya fi”, goge layin da ke duba sharaɗi. Kunna gwajin. In ya yi ja, kuma saƙon da ya bayar ya nuna inda ɓarnar take, to yana aiki, sai ka mayar da kod yadda yake. In ya zauna kore, babu abin da yake gadi. Minti ɗaya abin ke ci. Akwai kayan aikin da ke yin wannan ɓarnar da kansu sau ɗaruruwa su kawo maka jerin waɗanda suka tsallake: PIT a Java, mutmut a Python, Stryker a JavaScript. Suna da nauyi, don haka kada ka sake su a kan manhajar gaba ɗaya, fara da fayil ɗin lissafin fatura. Wannan ne ma hikimar masu rubuta gwaji kafin kod, hanyar da Kent Beck ya yaɗa, shi da ya rubuta JUnit, kayan gwaji na Java, tare da Erich Gamma a 1997. Ko ba ka bi hanyarsu a kullum ba, ka bi ta wajen gyaran kuskure: duk ƙorafin da ya zo daga otal, fara rubuta gwajin da zai faɗi saboda shi, sannan ka gyara.

Kuma ka riƙa gwada ƙin yarda kamar yadda kake gwada yarda. A watan Fabrairu 2014 aka gano wani layi da aka maimaita sau biyu a kod ɗin tsaro na Apple, wanda ya sa ake tsallake duba sa hannun sabar. Duk wanda ya gwada da sa hannu na gaskiya zai ga komai lafiya lau. Sai wanda ya miƙa na ƙarya ya jira a ƙi shi ne zai gane. A wurinku, gwada kama ɗakin da aka riga aka kama, ranar fita da ta riga ranar shiga, lambar iƙama, wato katin izinin zama, mai lamba tara maimakon goma.

Rubutu ma yana da nasa tarkon a ƙasar nan. Ma'aikacin otal zai buga lambar waya da lambobin Larabci, ٠٥ maimakon 05. Alamar \d a Python 3 tana karɓarsu, a JavaScript ba ta karɓa, ke nan shafi da sabar za su iya saɓawa a kan lamba ɗaya. Sunayen mutanenmu suna zuwa da ƙ da ɗ da ɓ, da ɗaurin da ke cikin Sa'adatu da Mu'azu, na Larabci kuma wani ya sa hamza a kan alifi wani ya bari. Duk waɗannan su shiga cikin bayanan gwajinka. Amma ka ƙago su. Kada ka kwafo fasfo ko lambar wayar baƙo na gaskiya cikin gwaji, amana ce.

Game da na bogi da ake sakawa a madadin abin gaske, waɗanda muke kira mok, ra'ayina a taƙaita su a bakin iyaka: agogo, hanyar biyan kuɗi da katin banki ta mada, tsarin Fatoora na ZATCA mai karɓar faturar lantarki, aika saƙon waya. Abin da ke cikin gidanka, bar shi ya yi aiki da gaske. Na ga gwajin da aka cika da mok har ya zama abin da yake tabbatarwa shi ne an kira wane sannan an kira wane. Irin wannan yana faɗuwa duk sanda ka gyara tsarin kod ko da sakamakon bai sauya ba, kuma yana wucewa ko da sakamakon ya lalace. Duba abin da ya fito, bar yadda aka yi shi. Sannan ka sani mok abin da ka koya masa kawai ya sani. In ZATCA ta sauya wani sharaɗi, mok ɗinka zai ci gaba da cewa an karɓa. Shi ya sa ake ajiye 'yan gwaje-gwaje kaɗan masu magana da dandalin gwajinsu na gaske, a gudanar da su dabam, sau ɗaya a rana, kada a cakuɗa su da na guntu-guntu.

Siffar gwajin kanta ba ta buƙatar dogon bayani. Shirya kaya, yi aikin, duba sakamako, a jere haka. Dalilin faɗuwa ɗaya ga kowane gwaji. Suna mai faɗin magana, kamar “faturar ƙarfe ɗayan dare tana ɗaukar kwanan watan Riyad”, yadda wanda ya gan shi ja zai gane ba sai ya buɗe fayil ba. Ban da “idan” da zagaye a cikin gwaji. In kana da lambobi da yawa, jera su a tebur, pytest da JUnit 5 duk suna da hanyar hakan. Kuma su kasance masu sauri. Gwajin guntu ɗari huɗu bai kamata su wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. In suna cin minti goma, wasunsu na taɓa rumbun bayanai ko intanet, nemo su.

Ranar Lahadi in an koma dawam, fara da fitar da jerin gwaje-gwajen da suka faɗi cikin azumi tare da lokutansu. Saita agogon bogi a ƙarfe ɗayan dare na Riyad ka kunna duka, waɗanda suka faɗi su ne aikinka na farko. Bayan nan ka nemi faturar da otal ɗin ya yi ƙorafi a kanta, ka shigar da lambobinta yadda suke cikin sabon gwaji, ka tabbata ya yi ja kafin ka taɓa lissafin. In ka yi waɗannan biyun, turo mini abin da ka samu, musamman ko lokutan sun faɗa tsakanin sha biyu da uku kamar yadda na zata. Allah ya taimaka, ya karɓi ibada.